Littafin da ya raba maigida da tuwo

Uwar Biyu, Tudun Jukun:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa sa baki ba, yau dai abin ya ci mini tuwo a ƙwarya ne. Shawara nake nema.

Maigidana yana da ciwon suga shekara shida ke nan, yana shan ƙwayarsa safe da yamma. Bayan ƙaramar sallah wani abokin aikinsa ya turo masa littafin wani likitan Amurka ta waya. Ya kai shagon masu kwamfuta a Kongo, nan Zariya, aka buga masa aka ɗinke, tun daga ranar gidanmu ya canza. Littafin ya ce duk wani hatsi guba ne. Ba tuwo, ba shinkafa, ba fura, ba koko, har wake wai a bar shi. Sai ƙwai, nama, kifi, man kwakwa da ganye. Gishirinmu na leda ma ya ce in ajiye, ya sayo wani mai ruwan hoda a kwalba, kuɗinsa ya isa cefanen kwana biyu.

Tsakani da Allah ya rame, tumbin ya faɗa, kuma makonnin farko ya ji daɗin jikinsa. Amma ranar Talata bayan la'asar na shiga kai masa ruwa, na tarar da shi a bakin gado gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, hannu na rawa, ina masa magana yana kallona kamar bai taɓa ganina ba. Maƙwabcinmu ya rugo da na'urar gwaji, suga ya sauka ƙasa sosai, zuwa 2.9. Ruwan sukari na dama masa ya kurɓa kafin muka samu keke zuwa asibiti. Likita ya ce ƙwayar da yake sha aikinta sauke suga, shi kuma ya janye abincin da za ta yi aiki a kai.

Ya dawo gida, amma ya kafe cewa littafi ba shi da laifi. Ni kuma ina da ciki wata biyar, a wurin awo sun ce jinina ya yi ƙasa, ga shi rabin kuɗin cefane a kwanonsa yake ƙarewa. Wa za mu bi, littafi ko asibiti?

Bazazzagiya:
Subhanallahi. Allah ya ba shi lafiya, ya sauke ki lafiya, 'yar uwa.

Ɗan Kwangila:
Anti, Allah ya ƙara sauƙi. Amma don Allah kada a yi wa littattafan nan kuɗin goro. Ni ganau ne. Kilo 104 nake bara, hawa benen ofis ma sai na tsaya a tsakiya na huta. Sau uku ina zuwa asibiti. Ka kashe rabin yini a layi, ka shiga, minti uku a ce maka "a rage tuwo, a rage maiƙo, a riƙa motsa jiki," a kira na gaba. A rage zuwa nawa? Malmala ɗaya ko rabi? Ba wanda ya taɓa faɗa mini. Littafi ne ya zauna da ni shafi bayan shafi ya bayyana mini abin da sitaci ke yi a jini. Yanzu kilo 89 nake.

Kuma su masanan da ake cewa mu bi, sau nawa suka yi kuskure? Shekaru suna tsorata mutane da ƙwai, a 2015 Amurka ta cire ƙayyade kwalastarol, maiƙon ƙwai da ake tsoro, daga jagoran abincinta. A 2016 aka bankaɗo takardun da suka nuna kamfanonin sukari sun biya masu bincike a Harvard kuɗi a shekarun 1960, aka rubuta abin da ya ɗora laifin ciwon zuciya a kan kitse, aka sassauta wa sukari. To wa ya fi wani?

Ɗalibar Samaru:
Yaya Ɗan Kwangila, abubuwa biyun da ka kawo duka gaskiya ne, ba zan musa maka ko ɗaya ba. Fannin abinci da gina jiki nake karanta, kuma a aji aka koya mana labarin kuɗin sukarin nan. Amma ka lura da wanda ya tono shi: masu bincike ne na jami'a, suka buga a mujallar likitoci, kowa ya gani. Haka maganar ƙwai, hujja ce ta taru aka gyara. Ilimin da ke iya cewa "jiya mun yi kuskure" shi nake iya ɗora ran mahaifiyata a kai. Marubucin da ya sayar da kwafi miliyan a kan cewa hatsi guba ne, ka taɓa ganin ya fito ya ce a dawo masa da littafinsa?

Batun ramewarka kuma, ba ƙarya ba ce, amma ba sirrin littafin ba ne. A jami'ar Stanford an raba mutum 609 gida biyu, wasu suka rage sitaci, wasu suka rage maiƙo, aka bi su shekara guda, aka buga sakamakon a 2018. Masu rage sitaci sun sauke kusan kilo 6, masu rage maiƙo kilo 5 da ɗoriya, bambancin bai taka kara ya karya ba. Abin da aka umarci kowane ɓangare iri ɗaya ne: a rage sukari da fulawa, a yawaita ganye, a ci girkin gida. Ka duba abin da ka bari da gaske. Lemon kwalba, burodi da shayi mai cokali huɗu, cincin, taliyar leda da daddare. Wannan duk asibiti ma zai ce ka bari. Littafin ya haɗa da tuwon dawa da wake ne don ya samu sabuwar maganar da zai sayar.

Shi kansa tsarin cin kitse da barin sitaci gaba ɗaya, asalinsa magani ne. A shekarun 1920 aka fara amfani da shi ga yara masu farfaɗiya, ƙarƙashin kulawar likita.

Ɗan Kwangila:
Ƙanwata, na yarda lemo na bari, kwalba uku nake sha a rana. Amma ki amsa mini maganar minti uku.

Nas, cikin Birni:
Ni zan amsa maka, tunda mu ne masu minti ukun. Ba zan kare shi ba. Ranar awo mu biyu ne a kan mata da ba su ƙirguwa, mai ba da shawarar abinci kuwa a ƙananan asibitoci sai an dace. Gibin gaske ne, kuma ta nan littattafan nan da masu bidiyo suke shigowa.

Sai dai ina so ka zo ka zauna kusa da ni ranar da muke auna yara. Akwai wani ɗan zare mai launi uku da muke naɗawa a damtsen yaro. Idan ya faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani. Makon jiya aka kawo mini wata yarinya 'yar wata goma sha huɗu, gashinta ya yi ja ya yi laushi, ƙafafu sun kumbura, na danna yatsa a bayan ƙafar ramin ya zauna. Ko kuka ba ta da ƙarfin yi. Na tambayi uwar me take ba ta, ta ce koko, safe da rana da dare. Kakar da ta rako su kuwa mai jiki ce sosai, tana shan maganin hawan jini. Gida ɗaya, tukunya ɗaya.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Nijeriya sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57. Mata masu shekarun haihuwa kashi 58 suna da ƙarancin jini, yara kashi 68. Wanda ya rubuta littafin da ke gidan Uwar Biyu bai san da waɗannan ba. Da mutum ɗaya yake magana, mai firji, mai albashin dala, wanda damuwarsa abinci ya yi masa yawa. Mu namu biyu ne a haɗe, wani ya yi masa yawa, wani bai samu ba, kuma daga aljihu ɗaya ake ciyar da su. Idan aka ce wake guba ne a garin da wake shi ne naman talaka, yarinyar nan aka cuta.

Mai Awara, Gyallesu:
Wallahi Anti Nas kin taɓo mini inda yake mini ƙaiƙayi. Shekara tara ina suyar awara, da ita nake biyan kuɗin makarantar yarana. Kwanaki wani saƙo ya zaga wai waken suya yana kashe mazakuta, mako biyu ina kwantai. Wata mai sayena kuma ta ce ta karanta cewa mai jini rukunin O ba ya cin wake. Ashe har jini yana zaɓen abinci?

Ɗalibar Samaru:
Ba ya zaɓe, Anti. Wani littafi ne na shekarun 1990 ya yaɗa wannan. A 2013 masana sun tattara duk binciken da aka yi, ba su samu hujjar da ta goyi bayansa ba. Maganar mazakuta ma an gwada a kan maza, waken suya bai rage musu sinadarin namiji ba. Ki ci gaba da sana'arki. Abin da zan roƙe ki kawai, kada mai ya daɗe a kasko ana maimaita shi har ya yi baƙi.

Dattijon Wusasa:
Yara, ku bari tsoho ya ce wani abu. Na yi aikin koyarwa a ƙauyukan kudancin jihar nan ta Kaduna tun kafin a haifi yawancinku. A wancan zamani idan ka shiga kasuwa, ba ka rasa mata masu maƙoƙo, wasu kamar an rataya musu ƙwarya a wuya. Ana cewa ruwan rafi ne, ana cewa jifa ne. Akwai yara a ajina da ba sa gane komai duk ƙoƙarinka, daga baya na fahimci rashin sinadarin aidin, wanda shi ke kawo maƙoƙon, tun suna ciki yana taɓa ƙwaƙwalwa. A 1993 gwamnati ta wajabta sa aidin a gishiri. Ba a ce kowa ya karanta komai ba. Matar da ba ta san baƙi ba ta sayi gishirinta yadda ta saba, ta zuba a miya. Yau jikokina sai a hoto suke ganin irin wancan maƙoƙo.

Shi ya sa maganar gishirin kwalba ta fi komai tsaya mini a rai cikin labarin 'yata Uwar Biyu. Irin wannan gishiri yawanci ba a sa masa aidin. Mace mai ciki ta fi kowa bukatarsa. An sayi mai tsada an bar mai amfani. 'Yata, ki dawo da na ledar nan yau, ki duba rubutun aidin a jikinsa, ki riƙa rufe shi kada ya sha iska da rana.

Uwar Biyu, Tudun Jukun:
Baba, ban san wannan ba wallahi. Yana nan a kabad, ban zubar ba. Na gode.

Mai Shago, Sabon Gari:
Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka dutse. Amma ku bar ni in faɗi abin da nake gani a kasuwa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tun 2002 doka ta ce a sa bitamin A a man girki da sukari da fulawa, akwai ma tambarin ido da ake bugawa a jiki. To a shagona mutum nawa ke sayen mai na galan mai tambari? Cikin goma da wuya a samu biyu. Sauran na awo suke saye, kwalba, rabin kwalba, har na ɗauri a leda. Daga duro yake zuwa, ba suna, ba tambari, ya yini a rana cikin farar roba. Shekaruna a kasuwa ban ga an zo da abin gwaji an ɗiga a duron kowa ba. Dokar tana takarda, man yana duro.

Harajin lemo ma haka. Naira 10 a kan lita aka sa, aka fara karɓa a 2022. A kwalbar rabin lita bai wuce naira biyar ba. Bayan cire tallafin mai a 2023 kaya suka ninka, wa zai ji naira biyar? A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40. Mutum yana neman abin da zai sa a ciki, ku ce masa tsarin gwamnati. Aƙalla littafi yana hannunka, ba sai ka jira kowa ba.

Malamin Kongo:
Alhaji, ƙorafinka daidai ne, amma inda ka kai shi ne ban bi ka ba. Idan rijiyar unguwa ta ƙafe, yasa ta ake yi, ba a cewa kowa ya koma sayen ruwan gora, domin mai kuɗi kaɗai zai sha. Abin da ka lissafa raunin aiwatarwa ne, maganinsa a matsa wa NAFDAC da SON, hukumar kula da ingancin kaya, su shiga kasuwa su gwada, a kuma tambayi 'yan majalisarmu ina kuɗin harajin lemo ke tafiya.

A inda aka riƙe abin da gaske ya yi aiki. Ingila ta sa harajin lemo a 2018, ta ɗaura shi a kan yawan sukarin da ke cikin kwalba, sai kamfanoni suka rage sukarin da kansu don su kauce wa biya. Mai sha bai canza hali ba, abin shan ne ya canza. Danmak ta taƙaita daskararren man masana'anta mai toshe jijiyoyin zuciya tun 2003. Mu ma NAFDAC ta fitar da ƙa'ida cewa kada ya wuce giram 2 a cikin giram 100 na mai. Ka gaya mini, yaron da ke sayen biskit a ƙofar makaranta wane littafi zai karanta ya kare kansa daga wannan? Ba ya gani, ba ya ɗanɗana. Doka ce kaɗai ke iya shiga masana'anta.

A nan jihar ma muna da misali. A 2019 aka mayar da hutun haihuwa wata shida ga ma'aikatan gwamnatin Kaduna. Shekara da shekaru ana cewa a shayar da nono zalla wata shida, amma binciken 2018 ya nuna kashi 29 ne kawai na jarirai ke samu. Ka ce wa malamar firamare ta shayar wata shida, ka ce ta koma aji bayan wata uku, ai ka ba ta da dama ka karɓe da hagu.

Mai Shago, Sabon Gari:
Malam, mata nawa ne ma'aikatan gwamnati? Mai talla da mai wankau wa zai ba su hutu?

Malamin Kongo:
Ba kowa, kuma nan ne aikin ya rage.

Ɗan Kwangila:
Kun koma maganar gwamnati kun bar mijin Anti. Bawan Allah yana da suga yau, ba zai jira majalisa ba. Ni na san mutanen da suka rage ƙiba sugansu ya daidaita har suka bar magani. Ko shi ma ƙarya ne?

Ɗalibar Samaru:
Ba ƙarya ba ne, Yaya, kuma na ji daɗi da ka kawo shi, don nan ne ainihin amsar Anti take. An yi gwaji a Birtaniya, aka buga a ƙarshen 2017. Masu ciwon suga da bai wuce shekara shida ba, masu ƙiba, aka sa su a abinci ɗan kaɗan na wasu watanni. Bayan shekara kashi 46 sugansu ya koma daidai ba tare da magani ba. Waɗanda suka sauke kilo 15 ko fiye, mafi yawansu sun samu wannan. To amma ka san me aka yi ranar farko? Ma'aikatan lafiya ne suka dakatar musu da ƙwayoyin suga da na hawan jini, suka riƙa auna su akai-akai, idan abu ya tashi a mayar da magani. Matakin da mijin Anti ya tsallake ke nan. Littafi ba ya sanin wace ƙwaya kake sha. Wasu ƙwayoyin suna matsa wa jiki ya fitar da insulin, sinadarin da ke sauke suga, ko ka ci ko ba ka ci ba, idan ba abinci sai suga ya faɗi, kuma faɗuwar tana iya kisa.

Niyyarsa mai kyau ce. Ya koma wurin likitansa ya ce ina so in rage ƙiba, a daidaita mini magani. Kuma ba sai ya bar hatsi ba. Tuwon dawa ko na gero da ba a surfe shi tas ba, malmala daidai dunƙulen hannunsa, miyar kuka ko kuɓewa ko zogale ta fi tuwon yawa. Fate da rama da yakuwa. Wake da alayyahu. Kwaɗon zogale da ƙuli. Fura da nono ba sukari. A Amurka an gwada masu dab da kamuwa da suga sama da 3,000, aka buga a 2002: rage nauyi kaɗan da tafiyar minti 150 a mako sun rage kamuwa da kashi 58, ƙwaya ta rage da kashi 31. Ba a hana kowa hatsi ba a ciki.

Malamin Islamiyya, Ƙofar Gayan:
Bismillah. Ba fannina ba ne, amma akwai ɓangaren da ya shafe ni. Allah ya ce mu ci mu sha kada mu yi ɓarna, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koyar da raba ciki uku: abinci, ruwa, numfashi. Ma'auni aka ba mu, ba a haramta mana gero da dawa ba. Na biyu, ciyar da iyali wajibi ne a kan miji, mai ciki kuma haƙƙinta ya ninka. Bai dace magidanci ya ware wa kansa nama da ƙwai, mai ɗauke da ɗansa tana fama da ƙarancin jini ba. Ina kyautata masa zato, tsoron ciwo ne ya rufe masa ido. 'Yar uwa, ki samu babban da yake jin nauyinsa ya yi masa magana cikin hikima, ba a gaban yara ba.

Bazazzagiya:
Ni tambayata a kan gishiri ce. Baba ya ce a ci mai aidin, asibiti kuma sun ce wa mahaifiyata ta rage gishiri saboda hawan jini. Wanne ne? Kuma wata ta ce mata ta koma kanwa.

Nas, cikin Birni:
Duka biyun, ƙanwata: kaɗan, amma mai aidin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye a burodi da dunƙule. Shi dunƙule kusan rabinsa gishiri ne. Mace ta jefa shida a tukunya, ta ƙara farin, ta ƙara gishiri, ga yajin da ke gefe shi ma da nasa. A rage a hankali, a ƙara daddawa da citta da tafarnuwa da albasa, cikin 'yan makonni harshe yake sabawa.

Kanwa kuwa kada ta kuskura ta mayar da ita madadi, ita ma tana da sodiyam, sinadarin gishiri mai tayar da jini. Kuma wannan magana a garin nan aka fara bincikenta. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na ABU, Davidson da Parry, sun bi mata fiye da 200 a Zariya waɗanda zuciyarsu ta kumbura bayan haihuwa. Suka lura da kunun kanwa da ake ɗura wa mai jego, da wankan tafasasshen ruwa, da kwanciya a gadon ƙasa ana hura wuta a ƙarƙashi, suka danganta ciwon da su. Har yau littattafan likitanci na duniya suna ambaton Zariya a kan wannan. Daga baya Farfesa Kamilu Karaye da abokan aikinsa a Kano suka sake dubawa, suka ga abin ya wuce kanwa kaɗai, akwai talauci da ƙarancin sinadarin seleniyam a jikin matan. Wani ya gina, wani ya zo ya gyara, duka a kan matanmu, da abincinmu, a asibitocinmu. Irin wannan ilimin nake so Ɗan Kwangila ya gani. Ba daga nesa aka aiko mana shi ba.

Kawu Manomi, hanyar Shika:
Ni abin da ke ba ni mamaki, ana zagin hatsi a garin da ake zuwa daga ko'ina neman iri. Cibiyar binciken noma ta IAR tana nan Samaru, su suka fitar da irin wake da masara da dawa da gyaɗa da muke shukawa. Akwai masara mai ruwan lemo da ke ɗauke da bitamin A, na shuka ta damina biyu. Tuwonta ja-ja ne, da farko yara suka ƙi, yanzu sun saba. Matsalar a kasuwa ce, 'yan sari sun fi son fara, sai ka karyar. Da masu ciyar da 'yan makaranta za su riƙa sayenta da gangan, da manoma sun rungume ta. Ga dankalin Hausa ma akwai mai jan ciki.

Kuma a kula da ajiya. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna tana da dafin da ke lalata hanta, ko an dafa ba ya mutuwa. Wannan ita ce gubar gaske da ke cikin hatsi, ba wadda littafi ya faɗa ba.

Ɗan Kwangila:
To. Ban ajiye littafina ba, don shi ya tashe ni daga barci, kuma har gobe ina cewa asibiti su gyara yadda suke magana da mutane. Amma na tura wa mutum biyar shi, biyu cikinsu suna shan maganin suga. Yanzu na kira ɗaya, ɗayan wayarsa a kashe, zan bi ta gidansa bayan isha'i. Ƙanwata ta Samaru, ki rubuto mini abin da kika lissafa na fate da wake, in tafi masa da shi.

Ɗalibar Samaru:
Na tura maka, Yaya. Ka ce masa kada ya tsayar da magani da kansa kuma, ya je a duba.

Uwar Biyu, Tudun Jukun:
Salam. Na dawo in sanar da ku, kwana tara ke nan. Na bi shawarar Malam, na sanar da yayansa, ya zo daga Hanwa suka daɗe a zaure. Jiya suka je asibiti tare, ya tafi da littafin a hannu ya nuna wa likita. Likitan ya canza masa ƙwaya ɗaya, ya ce ya ci gaba da barin lemo da sukari, ya riƙa auna suga da safe yana rubutawa, su koma bayan mako huɗu. Da daddare na tuƙa tuwon dawa miyar kuka da wake a ciki, ya ci rabin malmala, ya tura wa 'yan biyu ƙwan da na dafa masa. Man kwakwar dai ya ce sai ya ƙare kwalbar, ban ja da shi ba. Gishirin leda ya koma kusa da murhu.

Anti Nas, saura ni. Jar ƙwayar ƙarin jinin da aka ba ni tana tayar mini da zuciya, da shayi nake haɗiye ta da safe. Akwai dabara?

Nas, cikin Birni:
Alhamdulillah, Allah ya ɗorar. Ki raba ta da shayi, yana hana jiki zuƙar sinadarin, ki ba da tazarar awa biyu tsakaninsu. Ki sha ta da daddare bayan kin ci abinci, da ruwa, in da hali ki bi da lemon zaƙi ko gwaiba. Bayan gida zai yi baƙi, kada ki tsorata. Idan amai ya ci gaba ki faɗa musu a wurin awo kada ki bari da kanki, kuma ki ce a sake auna jinin a zuwa na gaba. Wake, zogale, da hanta ɗan yanki sau ɗaya a mako, ba fiye ba. Yaushe ne awonki?

Uwar Biyu, Tudun Jukun:
Laraba mai zuwa, in sha Allahu.